Yadda Za Ka Ɗora Manhaja Biyu a Tsohuwar Laftof, Ka Mayar da Ita Gidan Wasannin Da

Akwai wata HP EliteBook 8460p da ta shekara biyu a ƙasan gadon ƙanena, naɗe cikin tsohon zane, cajarta a gefe. Ba lalacewa ta yi ba, nauyi ta yi. Sai ka kunna ta, ka je ka yi alwala ka dawo, ba ta gama tashi ba. Ƙirar 2011 ce, mai Core i5 na ƙarni na biyu da RAM 4GB, kuma irinta sun cika gidajenmu da shagunan buga takardu, ita da Dell Latitude E6420 da Lenovo ThinkPad T420, yawancinsu 'yan Beljiyam. Yau wannan laftof ita ƙanena ke yi wa mutane katin biki da ita da rana, da dare kuma yaran gidan su kewaye ta suna jiran layin wasa. Da ita zan yi misali tun daga farko har ƙarshe, amma matakan za su yi wa kusan duk wata laftof ta wancan zamani.

Dalilin manhaja biyu, wato Windows da Linux a laftof ɗaya, shi ne wannan. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin da ta saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da firosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, abin da waɗannan tsofaffin ba su da shi. Amma mutum ba zai iya watsar da Windows haka kawai ba idan CorelDraw ce abincinsa, ko firintarsa da ita kaɗai take jituwa. Shawarata ita ce a bar Windows a wurinta don irin wannan aiki, a rage fita da ita intanet, sannan a ɗora Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a gefenta. Shiga intanet, harkar banki da wasanni duk su koma can. Duk lokacin da ka kunna, laftof ɗin za ta tambaye ka wacce kake so.

Fara da jikinta

Kafin ka taɓa wata manhaja, kashe ta, cire caja, cire batir, ka buɗe murfin ƙasa. A 8460p sakata ce ke riƙe da shi, ja kawai za ka yi. Da na ciro fankarta, abin da na tarar tsakaninta da ƙarafan fitar da zafi wata dunƙulalliyar ƙura ce mai kama da audugar katifa, ta toshe hanyar iska ruf, har da zaren zane a ciki. Ƙurar hunturun shekaru ke nan. Da tsohon buroshin haƙori na share ta, ina riƙe da fankar da yatsa don kada ta riƙa juyawa. Idan hannunka ya saba, goge busasshen man da ke kan firosesa ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Idan bai saba ba, mai gyara zai yi maka cikin 'yan mintuna. Kada ka tsallake wannan. Wasa yana sa firosesa aiki ba hutawa, kuma a zafin watan Afrilu laftof mai toshewar fanka da kanta za ta rage gudu, ko ta mutu ana tsakiyar wasa.

Idan akwai kuɗin abu ɗaya tak, SSD za ka saya, wato faifan ajiya mai sauri, mai inci 2.5 irin na SATA. Na 256GB ya isa. Babu abin da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamarsa. Na biye masa shi ne RAM: ramuka biyu gare ta masu ɗaukar DDR3, ka ƙara 4GB ta zama 8GB. A Kano masu kayan kwamfuta na titin Beirut suna da su. Je da laftof ɗin a gwada a gabanka. Duk wanda ya sa sabon SSD, Windows zai fara ɗorawa, Linux ta biyo baya. Idan aka juya, Windows takan shafe hanyar tashin Linux.

Sai batir. Idan ta mutu murus, kada ka yi aikin raba faifai sai kana kan wutar da ka tabbata ba za ta ɗauke ba, sola ko janareta mai isasshen mai. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar motsa ɓangarorin faifai, komai na iya tafiya.

Kwashe kayanka

Hotunan biki, takardun makaranta, ayyukan kwastomomi, duk ka kwafe su zuwa wani faifan waje ko babban filashi. Bayan ka kwafe, buɗe kaɗan daga ciki ka ga suna buɗuwa. Ina nanata wannan ne don na ga wani maƙwabcina ya rasa hotunan mahaifiyarsa marigayiya saboda zaɓi ɗaya da ya danna cikin gaggawa. Har yau idan maganar ta taso sai ya yi shiru.

Gano yadda take tashi

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma daga nan yawancin matsaloli ke fitowa. Kwamfuta hanya biyu take tashi, tsohuwar hanya da ake kira Legacy, ko sabuwa, UEFI. Dole manhajojin biyu su bi hanya ɗaya, in ba haka ba ba za su ga juna ba. A cikin Windows danna maɓallin Windows tare da R, rubuta msinfo32, ka nemi layin "BIOS Mode". Abin da ya nuna, rubuta shi a takarda. Tamu Legacy ta nuna, kuma mafi yawan laftof na 2011 haka za su nuna.

Idan taka Legacy ce, akwai wani tarko. Faifanta galibi tsarin MBR ne, wanda manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka. Danna dama a kan maɓallin Start, zaɓi "Disk Management", ka ƙirga su. Idan uku ne ko ƙasa da haka, ba damuwa. Idan huɗu ne cif, sai an sadaukar da ɗaya. Sau da yawa za ka tarar wanda ya ɗora Windows ya yanka D: don ajiya. Kwashe abin da ke ciki ka goge shi, wurin ya zama na Linux. Kada ka taɓa wanda aka rubuta wa "System Reserved". Idan kuma Windows ta ce za ta mayar da faifan "Dynamic", ƙi amincewa, domin gyara wannan wahala ce babba.

Shirya Windows, ka yanka wa Linux wuri

Windows 10 ba ta mutuwa gaba ɗaya idan ka kashe ta. Wani irin barci take yi don ta tashi da sauri, kuma a wannan hali tana kulle faifanta, Linux ba za ta iya rubutu a kai ba. Buɗe "Command Prompt" a matsayin mai iko, wato "Run as administrator", ka rubuta:

powercfg /h off

Idan BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, kashe shi ka jira ya gama warwarewa.

Koma "Disk Management", danna dama a kan C:, zaɓi "Shrink Volume". Da megabait ake rubuta adadin, 81920 shi ne 80GB, 102400 kuma 100GB. Mint kanta 20GB take nema a ƙalla, sauran na wasanni ne. Ga ma'auni: wasan Sega ko Super Nintendo 'yan megabait ne, dubu ma ba za su cika maka wuri ba. Faifan PlayStation na farko yana kaiwa 700MB, na PSP kuma har 1.8GB. A SSD mai 256GB ni 100GB na ware. Wurin da ka yanka zai fito da baƙin layi, an rubuta "Unallocated". Bar shi haka, kada ka yi masa komai.

Wani lokaci Windows takan ƙi sakin wurin da kake so alhali akwai fili. Wasu fayiloli ne da ba sa motsuwa suka tsaya a hanya. Karɓi abin da ta bayar idan ya kai 60GB, ya wadatar.

Filashin ɗorawa

Sauke Linux Mint daga shafinsu na asali, ka zaɓi nau'in Xfce, shi ya fi sauƙin nauyi. Jerin Mint 22 ya fara fitowa a 2024, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029. Fayil ɗin ya kusa 3GB, don haka nemi lokacin da data ke araha ko wurin da ke da Wi-Fi. Mint 22 ta masu 64-bit ce kaɗai. Idan taka ta tsufa har ba ta wuce 32-bit ba, antiX za ka nema.

Samu filashi mai 8GB wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, domin za a goge shi tas. Buɗe manhajar Rufus, nuna mata filashin da fayil ɗin Mint. A wurin "Partition scheme" zaɓi MBR idan takardarka ta ce Legacy, GPT idan ta ce UEFI. Filashin bogi ya yi yawa a kasuwa, idan aikin ya riƙa tsayawa a hanya, canza filashi kafin ka zargi wani abu.

Kashe laftof, soka filashin, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓin tashi. A HP F9 ne, a Dell da ThinkPad F12. Idan filashin ya fito sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gaban sunansa ɗaya babu, zaɓi wanda ya dace da takardarka.

Mint za ta buɗe daga filashin ba tare da ta taɓa faifanka ba. Yi amfani da wannan dama: gwada sauti, gwada Wi-Fi, soka hannun gem ɗinka, ƙara hasken allo ka rage.

Ɗorawa

Danna "Install Linux Mint". Harshe da madannai ba wuya. Ka sa alama a wurin kodek na sauti da bidiyo. Sai shafin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan nake so ka cire hannunka daga linzami ka karanta a nitse. Zaɓin da kake nema shi ne wanda ya ce a ɗora Mint "alongside" Windows, wato kusa da ita. A ƙarƙashinsa akwai "Erase disk", wanda ke share faifan gaba ɗaya. Shi maƙwabcina ya danna.

Idan zaɓin farko bai bayyana ba sam, tsaya, fita daga ɗorawar. Ma'anarsa Mint ba ta ga Windows ba, kuma galibi dalilin bai wuce uku ba: ka tashi filashin ta hanyar da ba ta Windows ba, ko ɓangarori huɗun nan sun cika, ko Windows ba ta mutu sosai ba. Koma ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Idan faifan ne gaba ɗaya ba a gani, shiga BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin manhaja ta tashi, ka duba ko SATA na kan RAID maimakon AHCI, amma kada ka canza kai tsaye, domin Windows na iya ƙin tashi. Wannan a kai wa wanda ya sani.

Wurin lokaci zaɓi Legas idan kana Najeriya, Yamai idan kana Nijar. Sa suna da kalmar sirri, ka bar ta ta yi aikinta. A SSD bai fi kwata na awa ba. Idan ta ce cire filashi, cire ka danna Enter. Baƙin allo mai jerin sunaye zai fito, shi ne GRUB. Shiga Windows tukuna ka tabbata lafiyarta ƙalau, wataƙila ta ɗan duba faifanta, ƙyale ta. Sannan ka dawo Mint.

Ƙananan gyare-gyare

Za ka lura duk lokacin da ka fito daga Mint ka shiga Windows, agogo ya koma baya da awa ɗaya. Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gida ne, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna gaban lokacin duniya da awa guda. 'Yan'uwanmu na Ghana ba za su ma ga wannan ba, tunda lokacinsu daidai yake da na duniya. Mai duba lokacin salla a kwamfuta ya gyara. Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Mint, ka rubuta:

timedatectl set-local-rtc 1

Idan kana so GRUB ya riƙa tuna manhajar da ka shiga ta ƙarshe, buɗe fayil ɗin /etc/default/grub da ikon mai gida, wato da umarnin sudo, mayar da layin GRUB_DEFAULT ya zama GRUB_DEFAULT=saved, ƙara GRUB_SAVEDEFAULT=true a ƙasansa, ka ajiye, sannan ka rubuta sudo update-grub. Idan Wi-Fi ya ƙi, musamman mai katin Broadcom, jona wayarka da kebul ka ba ta data ta USB, ka buɗe "Driver Manager". Filashin ɗorawa kuma adana shi. Ranar da Windows ta danne GRUB, a cikinsa akwai "Boot Repair" da zai dawo da shi.

Buɗe wa yara asusunsu daban, marar ikon ɗora ko goge manhaja. Minti biyu ne, kuma zai raba ka da ɓacin rai.

Wasannin

Emuleta manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar wasa, har wasan ya ɗauka a gidansa yake. RetroArch ita ce rumfar da ta tara su, kowace na'ura da injinta da ake kira "core". Buɗe "Software Manager" ka nemi RetroArch, ka ɗauki wanda aka rubuta masa Flathub, domin shi ne ke barin ka sauke injinan daga cikinsa. Shiga "Online Updater", sannan "Core Downloader". Kada ka kwaso su duka. FCEUmm don Nintendo ta farko, wadda ta fito a Japan a 1983 da sunan Famicom, kuma kwaikwayonta ne waɗancan na'urori masu kaset rawaya da muka taso da su. Genesis Plus GX don Sega Mega Drive ta 1988. Snes9x don Super Nintendo ta 1990. mGBA don Game Boy Advance. PCSX ReARMed don PlayStation ta 1994. PSP kuma gara ka ɗora PPSSPP mai zaman kanta.

Gaskiyar abin da wannan laftof za ta iya: duk abin da ya zo kafin PlayStation, da ita PlayStation ɗin, suna gudu sumul. Wasannin PSP da yawa suna yi idan ba ka ɗaga ƙyan hoto ba. Nintendo 64 wani ya yi, wani ya ƙi. PlayStation 2 ta shekarar 2000, wadda na san ita ce a ran duk wanda ya yi zaman gidan gem yana buga ƙwallo, ta fi ƙarfinta. Katin hotonta Intel HD 3000 ne, zai riƙa jan ƙafa, muryar mai sharhi tana kakkaryewa. Gara ka sani tun yanzu. Wannan kati kuma bai san Vulkan ba, wata sabuwar hanyar zana hoto, don haka a "Settings", "Drivers", bar direban bidiyo a kan gl.

Yi folda ɗaya ta wasanni, a cikinta kowace na'ura da tata. A RetroArch zaɓi "Import Content" ka nuna masa, zai jera su da kansa. Maɓallai huɗu za ka haddace: F1 yana buɗe menu ana cikin wasa, F2 yana ajiye daidai inda kake, F4 yana dawo da kai wurin, Esc sau biyu yana fita. F2 ɗin nan ni'ima ce ga wanda ya san zafin kaiwa matakin ƙarshe wuta ta ɗauke.

PCSX ReARMed yana iya tashi ba tare da fayil ɗin BIOS na PlayStation ba, amma wasu wasannin sai da shi suke daidaita. Inda ake ajiye shi yana rubuce a "Settings", "Directory".

Wasannin kansu mallakar kamfanoninsu ne har gobe, tsufa bai sa sun zama na kowa ba. Hanya mai tsabta tana nan. Idan kana da fayafayan PlayStation na asali, wannan laftof tana da abin karanta faifai, kuma ImgBurn a Windows zai juye maka su zuwa fayil. Ka yi wannan kafin ka cire abin karanta faifan, idan kana da niyyar sa faifai na biyu a gurbinsa. Shagon GOG yana sayar da tsofaffin wasannin DOS, kuma emuletar DOSBox na tafiyar da su. Kashin farko na Doom kyauta id Software ta raba shi tun 1993. A cikin RetroArch ma akwai "Content Downloader" mai ƙananan wasanni na kyauta. Abu ɗaya ka riƙe: wasan Sega ko Nintendo ba ya zuwa da .exe a ƙarshen sunansa. Ka ga haka, ƙwayar cuta ce, goge.

Hannu da talabijin

Hannun Xbox 360 mai waya yana aiki a Linux da zarar ka soka, haka na PlayStation 4 ta kebul. Masu arahar nan na USB, har da tagwaye masu kai ɗaya, su ma suna yi, sai dai wani lokaci sai ka shiga "Settings", "Input", ka nuna wa RetroArch maɓallan ɗaya bayan ɗaya ka ajiye.

8460p ba ta da HDMI, VGA da DisplayPort gare ta. Ɗan adafta daga DisplayPort zuwa HDMI zai kai ka talabijin. Idan hoto ya fito sauti bai biyo ba, canza mafitar sauti a saitin Mint. Nemi "Game Mode" a talabijin ɗin ka kunna, in ba haka ba za ka danna tsalle, ɗan wasan ya yi jinkiri ya faɗa rami. Kada ka miƙe hoton ya cika faɗin allo. Don talabijin mai ƙusumbi aka zana wasannin nan, ma'aunin 4:3, baƙin da ke gefe da gefe haka ya kamata ya kasance. Idan kuma kana da zaɓi tsakanin bugun Turai da na Amurka, ɗauki na Amurka: na Turai a kan 50Hz yake, na Amurka 60Hz, kuma wasannin Sega da yawa sun fi sanyin gudu a bugun Turai, har kiɗansu.

Ɗora laftof ɗin a kan tebur ko faranti, ba kan katifa ko darduma ba, don ta ƙasa take shaƙar iska.

Idan ba ka son taɓa faifan sam

Wanda laftof ɗin ba tasa ba ce, ko zuciyarsa ba ta kwanta da raba faifai ba, yana da Batocera. Manhaja ce ta wasanni zalla da ke zaune a filashi. Sauke ta, rubuta ta a filashi mai 32GB da balenaEtcher, ka tashi daga shi da F9 ɗin nan. Kai tsaye za ta buɗe jerin na'urori da ake sarrafawa da hannun gem, emuletocin duk suna ciki. Danna F1 a madannai zai buɗe maka wurin fayiloli, ka zuba wasanninka a foldar roms. Ka zare filashin, laftof ta koma Windows kamar ba a yi komai ba. Filashin ya kasance mai kyau, kuma ka riƙa kashe ta daga menu kafin ka zare, don kada ajiyar wasan yara ta lalace.